KULOCIN MOTA: NA ASALI KO MAI ƘARFI?

A ranin da ya wuce, wani ɗalibinmu na ajin yamma a Auyo ya zo mana da tambaya. Shi da ƙannensa biyu sun haɗa kuɗin shinkafarsu sun sayi tsohuwar akori-kura. Injinta ya gaji, sai suka kai ta Kano aka cire shi, aka sa mata wani wanda ya fi shi girma. Mota ta yi ƙarfi, kowa ya yi murna. Amma ba a yi wata biyu ba sai ta tsiro da wani hali. In an yi mata lodi direba ya taka totur, sai inji ya yi ta ruri, mota kuwa tana jan jiki kamar jakin da ya gaji. Ga kuma wani ƙauri yana tashi daga ƙarƙashinta.

Bakanike ya ce kuloci ne. Mai sayar da kayan mota ya ce yana da iri biyu, akwai irin na asali, akwai kuma mai ƙarfi wanda ya fi tsada. Ɗalibin nan ya ce mana, "Malam, wanne za mu saya? Kuɗin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, ga shi tumatir ya nuna, tumatir kuwa ba ya jiran kowa."

Mun ga tambayar nan ba tasa ba ce shi kaɗai. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi darasi a kanta, domin kowa ya amfana.

Abin da ya sa maganar ta shafe mu

Kakanninmu da jaki da raƙumi da kwalekwale su ke kai amfanin gona kasuwa. A 1930 hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta kai Nguru, ta bi ta Malam Madori, sai aka riƙa kai gyaɗa tashar jirgi. Daga baya mota ta yawaita. A 1975 aka soma haɗa motocin Peugeot a Kaduna, akori-kurarsu ta shiga kowane lungu na ƙasar Haɗeja.

Noma kuma ya ƙaru. A watan Janairu na 2023 Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo ƙasar Auyo ya buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗeja, fili fiye da hekta 5,000. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa duk sai an ɗauke su daga bakin gona a kai su Haɗeja, ko Gujungu, ko Kano. Hanyoyin gonakinmu kuwa kun san su. Da damina laka, da rani yashi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ta cinye wasunsu, ta bar ramuka. A irin hanyoyin nan mota ba ta gudu. Sai ta tashi, ta tsaya, ta kafe, a tura, ta sake tashi. Duk lokacin da mota za ta tashi da kaya, kuloci ne ke shan wahala.

Mene ne kuloci?

Inji yana juyawa tun daga lokacin da aka ta da shi. Taya kuwa wani lokaci tana tsaye. To, tilas a sami wani abu a tsakaninsu wanda zai haɗa su a hankali, ya kuma raba su in ana so a tsaya ko a sake giya. Wannan abu shi ne kuloci.

Ku ɗauki faifai ku sa shi tsakanin tafin hannuwanku biyu. Ku matse sosai, sa'an nan ku juya hannu. Faifai zai juya tare da hannu. Ku sassauta, sai hannu ya juya, faifai ya tsaya. Haka kuloci ya ke aiki.

Manyan kayansa uku ne. Na farko babban faifan ƙarfe ne mai nauyi wanda ke ɗaure a jikin inji, yana juyawa tare da shi. Za mu kira shi faifan inji. Na biyu shi ne farantin kuloci. Yana da wata fata mai kaushi a fuskarsa duka biyu, kuma tsakiyarsa tana zaune a kan sandar da ta shiga akwatin giya. Na uku shi ne murfi, wanda ke da sifirin mai ƙarfi. Aikinsa ya matse faranti a jikin faifan inji. Akwai kuma wani ɗan boris wanda ke danna sifirin nan in direba ya taka feda.

In ƙafar direba ba ta kan feda, murfi ya matse faranti, ƙarfin inji ya wuce zuwa taya. In ya taka feda, murfi ya saki, inji ya juya shi kaɗai.

Me ke ba kuloci ƙarfin riƙo?

Abu uku ne. Da ƙarfin matsin sifirin, da kaushin fatar faranti, da faɗin farantin. In ɗayansu ya ƙaru, riƙo ya ƙaru. In ɗayansu ya ragu, riƙo ya ragu.

Shi kuwa inji, abin da ya ke turo wa kuloci shi ne ƙarfin murɗawa, watau irin ƙarfin da mutum ke sa wa sifana in zai kwance noti. A littafin mota ana rubuta shi da lamba, a bayanta a sa haruffa biyu, Nm. In ƙarfin murɗawar inji ya fi riƙon kuloci, sai faranti ya riƙa sulɓewa. Sulɓin nan ke kawo zafi, zafi ya ƙona fata, ƙonewar ita ce ƙaurin da direba ke ji.

Masu ƙera mota sun san haka. Sun auna injinsu, sun zaɓa masa kuloci wanda riƙonsa ya ɗara ƙarfin injin kaɗan. Wannan shi ne kulocin asali. Muddin inji yana yadda aka ƙera shi, kuma kaya ba su wuce ƙa'ida ba, ya isa.

In an ƙara wa inji ƙarfi

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A ƙasarmu ana ƙara wa inji ƙarfi ta hanyoyi kamar uku. Wani ya cire ƙaramin inji ya sa babba, kamar yadda ɗalibinmu ya yi. Wani mai motar gas ya sa a buɗe wa famfon mai, domin inji ya sha mai da yawa ya yi ƙarfi. A sababbin motoci kuwa akwai 'yar kwamfuta wadda ke auna wa inji mai, makanikai na ce mata ƙwaƙwalwar mota. Ana iya sake mata tsari, inji ya ƙara ƙarfi ba tare da an kwance noti ko ɗaya ba.

In ƙarin kaɗan ne, sau da yawa kulocin asali mai lafiya yakan ɗauka, saboda rarar nan da masu ƙera shi suka bari. In ƙarin ya yi yawa, sai ya soma sulɓewa. A nan ne maganar kuloci mai ƙarfi ke shigowa.

Ire-iren kuloci mai ƙarfi

Iri na farko, farantinsa kamar na asali ne, zagayayye, mai fata iri ɗaya, amma sifirin murfinsa ya fi tauri. Yana riƙo fiye da na asali, kuma yana kamawa a hankali. Aibinsa shi ne feda takan yi nauyi.

Iri na biyu, farantinsa ba zagayayye ba ne. Yana da fukafukai huɗu ko shida kamar fanka, kowane fiffike da ɗan ɓallin wani abu mai tauri wanda aka haɗa da garin ƙarfe aka gasa. Wannan yana jure zafi ƙwarai, yana kuma riƙo sosai. Ana samun irinsa a tarakta da manyan motoci da motocin tsere na Turai da Japan.

A jikin kwalin waɗansu za ku ga an rubuta mataki na 1, ko na 2, ko na 3. Kada lambar nan ta ruɗe ku. Kowane kamfani da yadda ya ke ƙirga nasa, mataki na 2 na wannan ba lalle ya zo ɗaya da na wancan ba. Lambar da ke da amfani ita ce mai Nm a bayanta, domin ita ke faɗin iyakar ƙarfin da kulocin zai riƙe.

Kowane allazi da nasa amanu

Mutum zai ce, "Tun da mai ƙarfi ya fi riƙo, ai sai kowa ya sa shi ya huta." To, ba haka ba ne. Ku lura da abubuwa huɗu.

Na ɗaya, kuloci mai fukafukai ba ya kamawa a hankali. Fizga ya ke yi. A kan kwalta wannan da sauƙi. Amma a laka ko yashi, inda ake so taya ta soma juyawa sannu sannu, fizgar nan sai ta sa taya ta haƙa rami, mota ta ƙara kafewa. A cikin kasuwa kuma, inda ga yara ga amalanke, motar da ke zabura haɗari ce.

Na biyu, kulocin asali kamar mai rabon faɗa ya ke tsakanin inji da akwatin giya. In ƙarfi ya yi yawa sai ya ɗan sulɓe, ya sha dukan shi kaɗai. Mai ƙarfi ba ya sulɓewa. Dukan sai ya wuce ya sauka a kan haƙoran giya da sandunan da ke juya taya. Faranti kuwa ya fi akwatin giya araha nesa ba kusa ba.

Na uku, abin nan mai tauri yana cin faifan inji da murfi. Ran da za a sake kuloci, watakila sai an sake su duka.

Na huɗu, feda mai nauyi tana gajiyar da ƙafar direba, tana kuma wahal da waya ko famfon kuloci da ɗan boris.

Ashe ke nan mai ƙarfi ba shi ne mai kyau ba a kowane hali. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kafin ku zargi kuloci, ku gwada

Ruwa ba ya tsami banza. Amma sulɓin kuloci ba kullum ne ya ke nuna cewa inji ya fi ƙarfinsa ba. Da farko ku tabbata yana sulɓewa. Ga gwaji iri biyu.

Ku hau hanya mai kyau wadda babu jama'a. Ku sa babbar giya alhali mota tana tafiya a hankali, sa'an nan ku taka totur. In kukan inji ya tashi amma gudun mota bai ƙaru ba, kuloci yana sulɓewa.

Ko kuwa ku tsai da mota a fili, ku tabbata ba kowa a gabanta, ku ja birkin hannu. Ku sa giya ta uku, ku saki feda a hankali. Kuloci mai lafiya zai kashe inji nan take. In inji ya ci gaba da juyawa, kuloci ba ya riƙo. Kada ku yawaita wannan gwaji, gama shi ma yana cin faranti.

In kun tabbata, sai ku nemi dalili. Ku sa bakanike ya duba waɗannan:

1. Ko fatar faranti ta cinye don tsufa. Wannan ba laifin kowa ba ne, kwanansa ne ya ƙare.
2. Ko baƙin mai yana yoyo daga bayan inji ko daga akwatin giya yana jiƙa faranti. Farantin da ya sha mai ba ya riƙo, ko da wane iri ne. In ba a toshe yoyon ba, sabon ma haka zai yi.
3. Ko an ɗaure wayar kuloci ta yi tsauri. Feda tana bukatar ɗan sake a samanta, kamar faɗin yatsa, kafin ta soma aiki. In babu saken nan, kamar direba yana taka ta ne kullum.
4. Ko direba yana ɗora ƙafa a kan feda in yana tafiya, ko yana riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon birki.
5. Ko lodi ya wuce ƙa'ida.

Wannan na biyar shi ne babban ciwonmu. Bari mu yi lissafi. A ce an ƙera mota don ta ɗauki kilo 1,000, a ce kuma kowane buhu kilo 100 ne. Buhu 10 ke nan. In aka ɗora mata buhu 18, an ƙara mata kilo 800. Ba kuloci kaɗai ke ɗauke da ƙarin nan ba, har da taya da sifirin da birki. Wanda ya sa kuloci mai ƙarfi domin ya ja buhu 18, ya sami abin da zai ta da motar, amma bai sami abin da zai tsai da ita ba. Nauyin da aka yarda mota ta ɗauka yana rubuce a littafinta, a motoci da yawa kuma yana kan wani ɗan allo a bakin ƙofar direba ko kusa da inji. Ku nemo shi ku karanta.

To, wanne za a saya?

In injinku yana yadda aka ƙera shi, ku sayi kulocin asali mai kyau. Ba ku bukatar wani.

In an ƙara wa inji ƙarfi kaɗan, kuma kuloci bai soma sulɓewa ba, ku bar shi. Ba a kwance akwatin giya don zato.

In an sa muku babban inji daga wata mota, ku fara tambayar kulocin asali na wannan babban injin, tare da faifansa. Masu ƙera shi sun riga sun auna masa nasa. Sai dai bakanike ya tabbata tsakiyar farantin ta shiga sandar akwatin giyarku daidai.

In an ƙara ƙarfi sosai, kuma kulocin asali sabo, wanda aka ɗaura daidai, ya sulɓe, to, lokacin mai ƙarfi ya yi. Ku zaɓi iri na farko, mai zagayayyen faranti. Mai fukafukai ku bar wa motar da aka ƙera ta da shi da masu tsere.

Kada kuma ku yi jinkiri in kuloci ya soma sulɓewa. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, mai ya yi tsada. Kuloci mai sulɓi yana mai da man nan zafi da ƙauri, maimakon tafiya. Kuma wata rana zai saki gaba ɗaya, ya bar ku a daji da kwandunan tumatir a rana.

Masu babur

Yawancin baburanmu kulocinsu ƙananan farantai ne da yawa a jere, suna wanka a cikin baƙin mai. Ka'idar ɗaya ce. In an faɗaɗa ramin fistan aka sa babba, kuloci ya soma sulɓewa, a duba farantai da sifirin da saken waya tukuna. A duba baƙin mai kuma. Waɗansu irin baƙin mai na mota suna da santsi da yawa, suna sa kulocin babur sulɓi. Ku nemi galan da aka rubuta wa JASO MA, alama ce daga Japan mai nuna cewa man ya dace da irin wannan kuloci.

Ran saye da ɗaurawa

Ko a Haɗeja za ku saya, ko a Ƙofar Ruwa a Kano, ku tafi da tsohon farantin a hannu, da lambar inji a rubuce a takarda. Ku gwada faɗi da faɗi, ku ƙirga haƙoran tsakiya. Akwai kamfanonin da suka shahara da ƙera kuloci, kamar Sachs da LuK na Jamus, da Valeo na Faransa, da Exedy na Japan. Amma jabu ma yakan ari sunansu. Ku karanta kwali harafi harafi, ku duba ko lambar kwali ta zo ɗaya da ta jikin kaya. Araha ba ta ado. Ku karɓi rasit mai suna da kwanan wata.

Ku sake faranti da murfi da boris tare. Aikin sauke akwatin giya shi ne mai wuya, kada ku biya kuɗinsa sau biyu. Bakanike ya duba fuskar faifan inji, in ta ƙone ko ta yi kwari a gyara ta. Ku gaya wa yaran gareji kada su hura ƙurar tsohon kuloci da baki ko da iska. Tsofaffin farantai da waɗansu masu araha suna da wani abu da ake kira asbestos, ƙurarsa tana ɓata huhu. Da jiƙaƙƙen tsumma ake share ta.

Sabon kuloci kamar sabon takalmi ne, sai ya saba. Masu ƙera shi sukan ce a lallaɓa shi kamar kilomita 800 na farko, ba fizga, ba lodi mai nauyi.

Shi ɗalibinmu, da aka sauke akwatin giya sai aka tarar an mayar da tsohon faifai da ƙaramin kulocin injin farko a jikin babban inji. Suka sayi kulocin asali na babban injin tare da faifansa, ba su sayi mai fukafukai ba. Suka kuma yi shawara su uku, suka rage lodi, suka riƙa yin sawu biyu maimakon ɗaya. Tumatirinsu ya isa kasuwa, mota tana nan tana aiki.

Tambayoyi

1. Faɗi manyan kayan kuloci uku.
2. Waɗanne abubuwa uku ke ba kuloci ƙarfin riƙo?
3. Don me kuloci mai fukafukai bai dace da laka da yashi ba?
4. An ƙera mota don kilo 1,200. Buhu nawa mai kilo 100 za ta ɗauka? In an ɗora mata buhu 20, kilo nawa aka ƙara?
5. Rubuta abin da za ka tafi da shi kasuwa ran da za ka sayi kuloci.